Wani ɗan siyasa ya kira Jos "garin kafiyu" a wajen kamfen, wai ni ne na cika ɗaukar zafi?

DanGangare ya rubuta:

Salam 'yan uwa. Dan Allah ina so in ji ra'ayinku kan wani abu da ya tsaya mun a rai tun ranar Asabar. Ni haifaffen Jos ne, a Gangare aka binne cibiyata, yanzu shekara 9 kenan ina zaune a Kubwa ina shiga cikin gari aiki. To ranar Asabar sai wani ya turo bidiyo a guruf ɗinmu na ofis, wani ɗan siyasa ne, ba zan faɗi sunansa ba balle jam'iyyarsa don kar magana ta koma wani waje, yana tsaye kan mumbari yana sukar abokin hamayyarsa, sai ya ce wai in aka kuskura aka zaɓi wancan to zai mayar musu da gari "garin kafiyu", wato garin dokar hana fita, sannan ya ɗan yi shiru ya ce kun dai san garin da nake nufi ai, can kan dutse inda ake sanyi. Jama'a suka haɗa baki suka ce Jos! Aka fashe da dariya ana tafi ana buga ganga, shi ma yana dariya.

Ranar Litinin ina shiga ofis mutum uku suka gaishe ni da "ɗan garin kafiyu, ya hanya". Na yi murmushi kawai amma wlh zuciyata tafasa take yi.

Su wajensu kafiyu kalma ce. Ni ina firamare aka yi rikicin Jos na 7 ga Satumba 2001, ranar Juma'a ce, mun yi kwanaki a ɗaki ɗaya mu goma sha ɗaya har da maƙwabta, garin tuwo ya ƙare, mahaifiyata tana jiƙa mana garin kwaki ba suga, babanmu bai dawo gida ba sai kwana na huɗu kuma duk tsawon kwanakin ba wanda ya san yana raye ko ba ya raye. An sake a Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, an sake a Janairun 2010. Akwai abokina da muke zama benci ɗaya wanda har yau ba a ga gawarsa ba. Wannan shi ne abin da mutumin nan ya ɗauka ya mayar abin ba wa taro dariya don ya samu tafi.

Da na yi magana a guruf sai aka ce na cika ɗaukar zafi, ai siyasa ce, ai kowane gari ana tsokanarsa. Shi ne nake tambaya, tsakani da Allah wannan wasa ne? Ina iyakar wasa da gari take? Kuma akwai abin da doka ta ce ko sai dai mutum ya haɗiye?

BakanonWuse ya rubuta:

Wa alaikassalam ɗan uwa, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa. Amma gaskiya zan faɗa maka ko ba za ka ji daɗi ba, mu Hausawa da tsokanar gari muka tashi. Ni Bakano ne, akwai irin sunan da Bazazzagi bai kira ni da shi ba? Ni ma in na samu Bazazzagi ba na raga masa, kuma a kwano ɗaya muke cin abinci a shago. Katsinawa da Nufawa haka, Gobirawa da Yarbawa haka, Fulani da Barebari kuwa ba a magana. Wasan nan shi ya riƙe zumunci tun kaka da kakanni. Mu da ake mana kirari Kano tumbin giwa ko da me ka zo an fi ka, lokacin zaɓe ba irin sunan da ba a liƙa mana a intanet, a ce garin dangwale, a ce garin ƙuri'ar yara, mun mutu? Kasuwar Kwari ta daina ci? Ka share kawai, wanda ya nuna suna na masa ciwo shi sunan ke bi.

MamanHusna_FarinGada ta rubuta:

Malam Bakano ka yi haƙuri ban yarda da kai ba ko kaɗan. Wasan Kanawa da Zazzagawa kai ka faɗa shi ya rama, kuna tsaye ƙafa da ƙafa, a gama a yi dariya a rabu. Shi wannan yana kan mumbari da lasifika da 'yan jarida da masu ɗaukar bidiyo, ni da nake zaune gaban kwandon tumatir a ina zan rama? Kuma Bazazzagi bai taɓa tsokanarka da gawar ɗan uwanka ba.

Ni harkar kayan gwari nake yi, ina turo tumatir da kabeji da karas da koren wake daga Farin Gada zuwa Abuja, dankalin turawa kuma muna ɗaukowa daga wajen Bokkos da Mangu. Bari in faɗa maka yadda suna yake cin kuɗi. Duk ranar da sunan Jos ya hau bakin mutane a waya, ko da abin a wani ƙauye mai nisa ya faru ko ma tsohon bidiyo ne aka sake yaɗawa, direba zai kira ni ya ce Hajiya sai an ƙara kuɗin mota don shi ba zai shiga garin nan a banza ba, kwastoma ta ce bari ta jira sati mai zuwa, kuma tumatir ba ya jiran kowa, kwana biyu ya yi ruwa. Ni da ke cikin garin ina kallon yara suna tafiya makaranta lafiya lau, 'yan keke suna ta lodi a Terminus, amma wanda ke Wuse ya fi ni sanin wai gari ya kama da wuta.

Ƙanwata ta samu gurbi a jami'ar Jos wa 'yarta, mijin ya ce atafau ba za ta je ba, a Kano suke zaune, bai taɓa taka Filato ba, abin da ya sani kawai sunan da ake kiran garin da shi. Yarinyar ta yi shekara ɗaya a gida tana kuka. 'Yan bautar ƙasa ma haka, da an turo su sai neman canji. To in babban mutum ya hau mumbari ya ƙara buga hatimi a kan wannan sunan, kai a ganinka iska ce ta wuce?

TsohonMalaminDilimi ya rubuta:

Ɗana DanGangare, sannu. Ba ka ɗau zafi ba, abin da ya taɓa ka ne ya taɓa ka. Na koyar a firamare shekara 31 a garin nan, kila ma na koyar da kai ko yayyenka.

Na farko dai addini bai bar mu cikin duhu ba. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana wasu mutane su yi wa wasu mutane izgili, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙubba. Ku lura mutane ta ce, jama'a guda, ba mutum ɗaya kawai ba, to gari kuwa ai jama'a ne. Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da maganarmu. Madina da sunanta Yasriba, Annabi SAW ya kira ta Madina, ya kira ta Ɗaiba. A yaƙin Khandaƙ lokacin da aka kewaye garin mutane suna cikin tsoro, munafukai da suka so karya musu gwiwa me suka ce? Suratul Ahzab aya ta 13, suka ce ya ku mutanen Yasriba ba ku da wurin tsayawa ku koma. Suka ajiye sunan da ya haɗa Muhajirai da Ansaru suka ɗauko tsohon suna. Wanda yake so ya raba jama'a ko ya sa su raina kansu, sunan garinsu yake fara taɓawa, abin ba yau ya fara ba.

Na biyu kuma, wannan shi ya fi mun ciwo, mu ma mun yi da hannunmu. Waɗanda suke garin nan bayan 2001 sun san lokacin da samari suka fara sauya wa unguwanni suna, nan a ce Afganistan, can a ce Sabuwar Urushalima, nan Zamfara, har a bango ake rubutawa. Da fari kaman burga ce ta yara. Amma da sunan ya zauna sai ya zama shinge, mutumin da ya yi shekara 20 yana sayen nama a Unguwar Rogo ya daina shiga, mu ma muka daina zuwa Jenta da Kabong gaisuwar mutuwa, mai gida ya sayar da gidansa da araha ya koma inda sunan ya yi daidai da addininsa. Ba bindiga ce kaɗai ta raba garin nan biyu ba, baki ma ya yi nasa aikin. 'Yan siyasa kuma da suka ga sunayen suna kawo ƙuri'a ba su tsawatar ba.

Ko sunan Jos ɗin kansa ai bai tsira ba. Wani zai ce daga Gwosh ne, ƙauyen da ke wurin tun kafin Turawan kuza su zo, baki ya juya shi ya zama Jos, wani ya kawo nasa labarin daban, wani ma ya ce harufan wata jimla ce ta 'yan mishan. In kana so ka san ɓangaren da mutum yake a rikicin waye mai gari tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tambaye shi asalin sunan kawai.

Malam Bakano kuma, ka tuna da "banza bakwai". Zamfara da Kabi da Nupe da Gwari da Yawuri da Kwararrafa da ƙasar Yarbawa, manyan ƙasashe masu sarauta da tarihi, aka haɗa su aka kira banza, yau shekara nawa ana koya wa yara haka a aji? Ni da bakina na koyar, kuma akwai ɗan Kabi a ajin, na ga yadda ya sunkuyar da kai. Daga shekarar ban sake faɗa ba sai da bayani.

Abu_Nyanya ya rubuta:

Baba Malam Allah ya ƙara lafiya. Ni zan ɗan ƙara da na waje don a ga ba mu kaɗai ba ne. A Amurka cikin Yulin 2019 Trump yana faɗa da wani ɗan majalisa baƙar fata Elijah Cummings, maimakon ya tsaya kan mutumin sai ya koma kan mazaɓarsa a Baltimo ya ce ƙazamin wuri ne da ɓeraye suka cika. Mutanen garin ba su yi masa komai ba, wakilinsu yake so ya ƙuntata wa sai ya bi ta kansu. A 2016 Brasels ta Beljiyam ya kira ramin azaba. Shikago ana ce mata Shirak, wato an haɗa ta da Iraki saboda harbe-harbe. Landan kuma masu ƙin baƙi suna ce mata Landanistan, abin ya ƙara yawa bayan Sadiq Khan ya zama magajin gari a 2016, kuma kowa ya san ba titi ko gini ake zagi ba, Musulmin da ke ciki ake nufi, ana so a ce garin ya fita daga hannun masu shi.

Dabarar ɗaya ce ko'ina. In ka zagi mutum sai ka kawo hujja, in ka laƙa wa gari suna ba wanda zai tambaye ka hujja, kalma biyu ce mai daɗin maimaitawa, yaro ma zai riƙe. Kuma suna yana sauke wa mai mulki nauyi, in dai an yarda garin kafiyu ne to ɗabi'ar garin ce kenan, ba sauran tambayar ina rahoton kwamitocin binciken da aka yi ta kafawa, wa aka hukunta, me ya sa babbar kasuwar Terminus da ta ƙone tun 2002 aka yi shekara da shekaru ana kallon kangonta.

Abin mamaki mu da kanmu mun san zafin abin in daga waje ya zo. Da David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, ya ce Najeriya ta shahara a cin hanci a 2016 ƙasar nan gaba ɗaya ta ɗauka, har Buhari ya ce shi ba haƙuri yake so a ba shi ba a dawo da kuɗin da aka ɓoye a can. Da masu neman Biyafara suke kiran ƙasar gidan zu, wato gidan namun daji, ranmu ɓaci yake. To me ya sa in namu ne ya yi wa garin maƙwabcinsa sai ya zama wasa?

Maganar doka, dokar zaɓe ta 2022 sashe na 92 ta hana kamfen ko take mai ɗauke da zagi da zai taɓa addini ko ƙabila ko ɓangare, ta hana kalaman habaici da za su iya tunzura mutane. A rubuce akwai. Amma kar ka sa rai, shi zai ce ai bai ambaci sunan gari ba jama'a ne suka faɗa, kuma don haka ma ya tsara maganar a haka.

BakanonWuse ya rubuta:

Hajiya na ji, maganar ramawa ɗin nan ta shige ni, gaskiya ban kalle ta ta nan ba. Baba Malam na gode. Amma har yanzu akwai abin da ke damuna, kar garin kare suna mu koma ƙaryata abin da yake akwai. An sa kafiyu a Jos ko ba a sa ba? Ko a Agustan 2021 an sa na awa 24. Lambar motar Filato an rubuta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, ta Borno gidan zaman lafiya, ta Abuja cibiyar haɗin kai alhali talakan da ke mata aiki a Mararaba da Masaka da Suleja yake kwana. Waɗannan sunayen na yabo su ma 'yan siyasa ne suka raɗa, su ma suna rufe gaskiya. In za mu hana na zagi to na yabon ƙarya fa?

YaronBukuru ya rubuta:

Ni Kirista ne, Birom, a Bukuru na girma, Hausa muke yi a gida da kasuwa har coci. Bidiyon nan ya zo guruf ɗin 'yan ajinmu ma kuma yadda ya ƙona DanGangare haka ya ƙona ni, mu ma mun binne namu, kawuna a 2010 ya tafi. Mai maganar bai ware ɓangare ba, dukkanmu ya haɗa ya yi dariya.

Oga Bakano ba wanda ya ce a ɓoye. Ka ce an yi rikici a Jos, an kashe mutane, gwamnati ta gaza, zan tsaya bayanka in ce haka ne. Wannan magana ce da ke neman a gyara. Amma "garin kafiyu" ana tafi ba ta neman a gyara komai. Sunan kan lambar mota ko bai cika ba aƙalla abu ne da za ka riƙe gwamna da shi ka ce ina zaman lafiyar da ka rubuta. Wancan kuwa da me za ka riƙe wani?

Kuma garin da yake faɗa ɗin nan shi ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, Plateau United ta ɗau kofin lig a 2017 muka cika titi Musulmi da Kirista ba wanda ya tambayi wani unguwarsu. Gidan tarihi na Jos tun 1952 yake, manyan ƙasar nan cibiyar nazarin manufofi ta Kuru kusa da Jos suke zuwa kwas, shi kansa mai maganar ba mamaki ya sha sanyinmu a can. Mu J-Town muke ce wa garinmu, iyayenmu su ce garin kuza.

MamanHusna_FarinGada ta rubuta:

Ƙanina na Bukuru Allah ya jiƙan kawu, ya ba ku haƙuri. Rabin masu kawo mun kabeji 'yan wajenku ne, shekara 14 muna tare bashi ma muna ba juna.

DanGangare ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka har sau biyu. Baba Malam maganar unguwanni ta kama ni, don ni ma ina saurayi na kira wata unguwa da irin sunan nan, bakina ya faɗa ba sau ɗaya ba, kuma akwai 'yan ajinmu a can da ban sake nema ba tun lokacin. Na nemi lambar ɗaya daga ciki jiya da daddare wajen wani abokinmu, ban kira ba tukuna.

Yau da safe na samu ɗaya daga cikin masu ce mun ɗan garin kafiyu, shi kaɗai, a wajen mai shayi kafin mu shiga ofis. Ban yi faɗa ba, labarin kwana huɗun da muka yi muna jiran babanmu kawai na ba shi. Ya yi shiru ya ce wlh bai sani ba, shi ɗan Gusau ne, ya ce shi ma in aka ce masa ɗan garin 'yan bindiga a tasha har cikin ƙashinsa yake ji amma bai taɓa haɗa biyun ba. Ya goge bidiyon daga guruf da hannunsa. Sauran biyun ban samu zama da su ba, ɗayan ma oga ne a sama da ni, ban san ta inda zan ɓullo masa ba, in akwai mai shawara ina saurare.

Oga Bakano in an yi hutun Sallah ka shirya mu tafi tare, mota muke shiga a Nyanya mu bi ta Keffi da Akwanga mu hau Hawan Kibo, ka taho da rigar sanyi. Hajiya a ajiye mana dankali buhu ɗaya, zan turo kuɗin ranar Alhamis in an yi albashi.